Gefen Fata

Shekara arba'in ina yanka fatar jar akuya
a rumfata ta bayan Ƙofar Rini.
Ban taɓa tsoma fata ɗungum a tukunya ba.
Sai na tsargi gefe, kamar yankan farce,
in jefa cikin ruwan karan dafi,
in jira ya faɗa mini halin sauran.

Ga shi yau ni ne fatar.

Tun bara idon hagu ya soma.
Da fari ƙudaje, baƙaƙe, masu iyo,
ina korarsu da hannu, Kulu na dariya.
Sannan hayaƙi, kamar an hura ɗanyen icce cikin kaina.
Na ɗiga na kwalba, na haɗiyi na kwali,
na ranbaɗa tozalin da aka rantse mini a kansa
ranar kasuwar Acida.
Kafar basilla ta ɓace mini.
Na ɗinka kube a karkace,
mai shi ya karɓa don kunya.

Dakta Saratu ta daɗe tana leƙe da fitila
kamar wadda gugarta ta faɗa rijiya.
Ta ce, "Malam Arzika, na ga ɓarna, ban ga ɓarawo ba.
Ko ƙwayar cuta, ko daji,
ko jiki ne ke faɗa da kansa,
daga bakin rijiya duk kamarsu guda.
Can ƙurya akwai tantani,
ɓawon albasa ya fi shi kauri,
a kansa duniya take sauka.
Zan ɗebo kaɗan. Ba zai kai ƙwayar riɗi ba."

Na ce, "Inda kika ɗiba, zai sake gani?"
Ta ce, "A'a."
Ba ta shafa wa maganar zuma ba,
shi ya sa na dangwala yatsa a takarda.

Ɗakin ya fi randa sanyi.
A garin da kwalta ke narkewa da azahar
na yi rawar ɗari cikin koren zane.
Ban ji askar ba. Sun ce ma ba aska ba ce,
wani abu ne da bai kai tsinken tsintsiya ba.
Na so in ga yadda take riƙe shi:
mai sana'a ba ya rasa son ganin hannun wani.

Sai kwana bakwai rub da ciki,
wai kumfar da suka bari ta danne ɗinkin daga ciki.
Ban taɓa doguwar sujada irin wannan ba.
Na san baƙina da takalmansu:
silifan Nomau mai tsagaggen dunduniya,
da sau-ciki na Bagudu, aikina ne, shekara shida bai ɓalle ba.
Fura ma ta ƙasa take zuwa, da tsinken roba.

Da dare nakan tuna ɗan yankin nan
yana kwance shi kaɗai bisa gilashi.
Me ya tafi da shi?
Fuskar mahaifiyata tana tankaɗe,
ko Rima ranar da ta haye gadar Kwalkwalawa?

Kulu ta jiyo cewa rina shi suke yi,
ja da shuni, kafin ya yi magana.
Na yi dariya har bandeji ya motsa.
Ashe can ma marina ne, fararen riguna kawai suka sa.

Ranar sha biyu takarda ta fito.
Ba daji ba ne. Wata ƙwaya ce mai dogon suna,
na bar wa Kulu ta riƙe.
Akwai magani, mai tsada, mai ɗaci.
Na hagu ba zai dawo duka ba,
na dama aka tare wa hanya.

Jiya na koma rumfa.
A kusurwar ganina akwai ɗigo baƙi, ba ya motsi,
daidai gurbin abin da na bayar.
Na ɗan karkata kai, ya sauka daga kan basilla.
Sau huɗu na kuskure.
A na biyar zaren ya shiga.